Sauya Faifan Ajiya Ba Tare da Kashe Kwamfuta Ba

Masu tace fim da masu tura waƙoƙi a waya sun san wahalar kashe kwamfutar tebur a kwance murfinta don kawai a sauya faifan ajiya. Akwai hanyar cirewa da sakawa alhali na'urar tana aiki, sai dai sayen wayar jona faifan kaɗai ba ya wadatarwa. Dole bakin wayar da babban allon kwamfutar da manhajar da ke tafiyar da ita su amince gaba ɗaya.

Mahaɗin SATA, wanda ya shigo kasuwa a 2003, tun asali an ƙera shi da wannan tunani. Wasu haƙoransa sun fi sauran tsawo, don su fara taɓawa su kwashe tartsatsi kafin masu ɗaukar bayanai su haɗu. Amma bakinsa na ciki bai jure yawan cirewa, kusan sau 50 aka tanadar masa. Shi ya sa a 2004 aka fito da eSATA, mai jure wa dubban sakawa, wayarsa kuma tana kai mita 2. Da ɗan ƙarfe mai araha da ake ɗaurawa a bayan akwatin kwamfuta, sai a fito da kafar SATA ta ciki zuwa waje. Aibin eSATA ɗaya: ba ya ɗauke da wuta, faifan sai da tasa caja.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne BIOS, wato wurin saitin babban allon kwamfutar. Idan allon yana kan tsarin IDE, ko an jona faifan ba zai bayyana ba sai an sake kunna kwamfutar. Sai an mayar da shi AHCI, a wasu allunan ma sai an buɗe izinin cirewa ga kowace kafa daban. A yi hattara a nan, domin Windows ɗin da aka girka a kan IDE yakan ƙi tashi idan aka sauya masa tsari kai tsaye ba tare da an shirya shi ba.

A ganina, wanda zai fara yau ya nufi USB 3.0. Da can eSATA ya yi fice ne saboda USB 2.0 bai wuce megabit 480 a daƙiƙa ba, amma tun 2008 sabon ya kai gigabit 5, ga wuta a waya guda. Tsohuwar kwamfuta ma ana iya soka mata kati a ramin PCIe ta samu waɗannan kafofi.

Ko wanne aka zaɓa, kada a fizge faifai haka kawai. Kwamfuta takan nuna ta gama kwafi alhali sauran bayanan suna jira a ƙwaƙwalwarta. A danna umarnin cirewa, a jira ta ba da izini, faifai mai juyawa kuma a bar shi ya tsaya cak kafin a ɗaga shi.