Tsargiya Da Samarin Kwalejojinmu

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin samari a ƙasar nan, wai yaro in ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, alama ce ya zama namiji. Da wannan magana ɗalibai da yawa kan shigo kwalejin horon malamai, kuma da ita waɗansu kan fita su tafi koyarwa. Mu da aka ɗora wa amanar tarbiyyarsu, ya wajaba mu faɗi gaskiya: wannan jini ciwo ne, sunansa tsargiya.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar da ke haddasa ta a Alƙahira cikin 1851. Ga yadda take. Mai ciwon ya yi fitsari a kududdufi ko tafki, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga cikin dodon koɗi su hayayyafa. Daga nan su fito cikin ruwa, su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko su. Tsutsar kan girma a jijiyoyin jini na mafitsara, ƙwayayenta kuwa su ne ke yi wa mafitsarar rauni har jini ya zubo. In an bar ciwon shekara da shekaru yakan rage jinin mutum, ya sa shi kasala a aji, yakan kuma lalata ƙoda, har ya kai waɗansu ga ciwon dajin mafitsara.

Maganinsa ba wuya. Ƙwayar praziquantel ce, a auna nauyin mutum ko tsayinsa a ba shi, ya sha a rana guda. Abin da ke da wuya shi ne saurayi ya buɗe baki. Tun yana ƙarami aka koya masa namiji ba ya raki, saboda haka yana ganin zuwa wurin malamin asibiti abin kunya ne, sai ya daure. To, dauriya abar yabo ce a gona da fagen kokawa, amma wanda ya ɓoye ciwo har ya kayar da shi, ina ƙarfin da zai riƙe iyali da shi gobe?

Don haka muna roƙon shugabannin kwalejoji su sa a gwada fitsarin sababbin ɗalibai tun farkon shekara, a kuma wadata su da ruwan famfo ko rijiya da masai, don kada su nufi kududdufi. Malaman gidajen kwana su riƙa jan yaro gefe su tambaye shi a asirce, kada a gaban 'yan'uwansa. Manyan ɗalibai kuwa su san cewa girma shi ne raka ƙarami asibiti da hana a yi masa dariya.

Waɗannan samari su ne malaman firamare na gobe. Abin da suka yarda da shi a kwaleji shi za su kai ƙauye, gaban yaran da ke iyo a tafki kowace damina.