Kafin Ka Sayi Katin Taswirar Na'urar Gano Kifi, Fara Neman Tiga a Ciki

Wanda ya saba sammako zuwa kasuwar kifi ta Galadima da ke Sabon Gari ya san yadda ake sauke kaya tun duku-duku: tarwaɗa na mutsu-mutsu a baho, ga karfasa, ga ragon ruwa, in an taki sa'a har da giwan ruwa. Wani daga wurin masu kiwo yake fitowa, wani daga madatsun ruwan jihar nan, irin su Tiga da Challawa da Tomas. Dillalai da yawa ba saye kaɗai suke yi ba, su ne ke ba masunta jari, su saya musu kalli da ƙugiya, wani lokaci har da jirgi, ana biyan su da kifi.

A hannun wani dillali ɗan Fagge na fara ganin na'urar gano kifi. Ƙaninsa ne ya aiko masa daga Amurka, haɗe da wani ɗan kati bai fi farcen yatsa ba, a cikin kwali mai hoton Bature rungume da ƙaton kifi. Aka kai ta Tiga, aka ɗaura a jirgi. Zurfi dai ta nuna shi tsaf, amma da aka buɗe shafin taswira sai ga 'yar kibiya ita kaɗai a fili fetal. Da aka juya bayan kwalin, ashe tafkunan jihar Minesota ne jere. Masuncin da ke tuƙi ya ce, “Alhaji, ai wannan garinsu ta sani, ba namu ba.”

Maganarsa ita ce gaskiyar lamarin, don abu biyu ne mutane ke haɗawa su ɗauka ɗaya ne. Na farko shi ne aikin sauti. Akwai wani ɗan curi da ake maƙalawa a bayan jirgi ya nutse kaɗan, shi ke tura sauti ƙasa ya kuma saurari dawowarsa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya a cikin ruwa, saboda haka idan amsa ta dawo cikin kashi 1 bisa 50 na daƙiƙa, ya yi tafiyar mita 30 zuwa da dawowa, zurfin wurin mita 15 ke nan. Kifi kuma jakar iskar da ke cikinsa ce ke tona masa asiri, don ta fi tsokarsa mayar da sauti. Wannan duk ba ruwansa da kati. Na biyu shi ne taswira, wadda ke nuna inda kake ta hanyar GPS da kuma layukan zurfi na ƙasan tafki. Ita ce ke kan kati, kuma ba ta zuwa daga sama. Sai wani ya shiga ruwan ya auna shi.

Kamfanonin da suka fi suna a wannan harka su ne Garmin da Lowrance da Humminbird, kowanne da katin da yake karɓa. LakeMaster na Humminbird ne kaɗai, kuma tafkunan Amurka da Kanada ya sa gaba. C-MAP ya fi tafiya da Lowrance da Simrad. Navionics, wanda Garmin ya saye a 2017, ya kasu gida biyu: akwai na na'urorin Garmin, akwai na sauran kamfanoni, kuma ɗaya ba ya aiki a madadin ɗaya ko da ya shiga ramin daidai. Wasu ƙananan na'urori ma, irin jerin Striker na Garmin, ba su da wurin sa katin taswira sam. Kati mai sunan Afirka ta Yamma kuwa, gaɓar teku da hanyoyin manyan jirage irin na tashar Legas ne ƙarfinsa, ba ruwan Tiga ko na Challawa ba.

To gwajin mai sauƙi ne, kuma bai fi kuɗin data ba. Masu yin katunan suna da shafi ko manhajar da ake duba taswirarsu kafin a biya. Buɗe, ka matso da hoton har kan Tiga ko Challawa. In shuɗin fenti kawai ka gani babu layuka babu lambobin zurfi, mayar da kuɗinka aljihu. Kada kuma wani ya ce zai “tura maka” taswirar a memori da araha. An ɗaure ta da lambar katin asali, kwafi ba ya buɗewa.

Ni a ganina, mai su a ruwan Kano na'urar da ke zana taswirarta da kanta ya kamata ya nema. Garmin na kiran wannan Quickdraw Contours, Lowrance na cewa Genesis Live, Humminbird kuma AutoChart Live. Kana tafiya, tana haɗa zurfin da ta ji da wurin da GPS ya nuna, layuka na fitowa a allo kana kallo. A Garmin da Lowrance masu ramin kati, memori na yau da kullum ya isa, wanda bai wuce giga 32 ba don shi yawancinsu ke karantawa. Humminbird na riƙe aikin awa 8 a cikinsa, bayan nan sai da katinsa na musamman mai suna Zero Lines. Wajen sayen memorin ne Sabon Gari za ta yi maka rana, sai dai a kula da jabu: akwai memorin da aka rubuta 32 a jiki alhali cikinsa bai kai rabi ba. Cika shi da bidiyo a wayarka, ka tabbata duk suna buɗewa, kafin ka ɗora masa wahalar wata guda.

Wahala ce kuwa. Sautin da ake yawan aiki da shi yana haska da'irar da faɗinta bai wuce sulusin zurfin ruwa ba, wato a mita 9 kana ganin kusan mita 3. Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta kai kimanin murabba'in kilomita 178 idan ta cika. Ba wanda zai zagaye ta da filafili. Auna inda kake zuba kalli da mamari kawai, kana kai-komo a hankali kamar mai huɗa, kunya kusa da kunya.

Sai babbar matsalar da tafkin Allah bai cika samu ba kamar dam. Ruwan Tiga ba ya tsayawa wuri guda. Da rani ana sako shi don noman Kadawa da Kura da Bunkure, ya ja baya sosai, damina ta sake cika shi. Wurin da ka rubuta mita 6 a watan Oktoba ba mita 6 ba ne a Mayu, kuma in ka haɗa awon lokutan biyu ba gyara, taswira za ta ƙirƙiro maka tudu da ramin da babu su. Na'urorin suna da wurin da ake gaya musu yawan abin da ruwa ya ragu ko ya ƙaru. Samu dutse ko wani gini da ba ya motsi a bakin ruwa, ka yi masa alama, ka riƙa dubawa duk ranar da za ka yi awo. Ƙasan ma canzawa yake. Challawa, da aka gama a 1992, ta daɗe tana fama da yashi da lakar da kogi ke kwasowa, don haka taswirar bara sai an sake bi ta kanta, musamman inda kogi ke shigowa.

Wani abu kuma, wasu manhajojin na tambaya ko kana son raba abin da ka auna da sauran jama'a. Masunci bai taɓa nuna wa maƙwabcinsa gurbin da giwan ruwa ke kwana ba, sai ka karanta da kyau kafin ka danna.

Dattawan da suka ga wuraren nan kafin ruwan dam ya rufe su suna nan da sauransu, kodayake suna ƙarewa. Su suka san inda tsohuwar hanyar kogi ta bi, da kufan ƙauyukan da aka tasa, da inda kututturan itatuwa ke tsaye a ƙasa suna yaga kalli suna fasa jirgi. Ɗauki ɗayansu a ƙarshen rani, lokacin da kawunan kututturan suka leƙo, ka biya shi ladan yininsa. Duk inda ya nuna da baki, ka tsaya ka danna alama, ka rubuta sunan da yake kiran wurin.