DIRESAJ: WASAN DAWAKIN DA BA A SON A GA HANNUN MAHAYI

Cikin dukkan wasannin da ake yi da doki a duniya, da wuya a sami wanda ke ruɗa baƙon ɗan kallo kamar wanda Turawa ke kira diresaj. Wanda ya saba da sukuwa ya san abin da zai duba, watau dokin da ya riga sauran isa. Mai kallon ƙwallon dawaki kuwa idonsa na kan ƙwallo. Amma a wannan wasa doki ɗaya tak ke shigowa fili, babu abokin tsere, babu shingen tsallakewa. Mahayin yana miƙe bisa sirdi kamar an dasa shi, dokin ya yi ta kai da kawowa na kimanin minti 6, ya tsaya cak, su fita. Sai a ji 'yan kallo sun ɓarke da tafi. Baƙo kuwa sai ya ce, to, shi mahayin me ya yi?

Aiki ya yi mai yawan gaske, kuma ɓoye aikin nan yana cikin abin da alƙalai ke ba shi maki a kai. Ƙa'idar wasan ita ce a ga kamar dokin ne ya ga dama don kansa ya yi duk abin da ya yi.

Kalmar diresaj daga Faransanci ta fito, ma'anarta horo. Asalin abin kuwa yaƙi ne. Barden da ke riƙe da takobi a hannun dama ba shi da sauran hannu sai ɗaya, saboda haka tilas dokinsa ya iya tsayawa, ya juya, ya goce gefe da alama 'yar kaɗan. Tun kimanin shekara 350 kafin haihuwar Annabi Isa, wani jarumin ƙasar Girka mai suna Xenophon ya rubuta littafi kan sarrafa doki, inda ya ba da shawarar a bi dabbar da lallashi. Ba kowa ne ya ɗauki shawarar ba. Federico Grisone na birnin Naples a Italiya, wanda littafinsa ya fito a 1550, ya shahara da tsananin horo. Sai a ƙarni na 18 wani Bafaranshe, François Robichon de La Guérinière, ya tsara darussan da har gobe da su ake aiki.

An shigar da wasan cikin gasar Olamfik a 1912 a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, amma a wancan zamani hafsoshin soja kaɗai aka yarda su hau. An riƙe wannan doka da gaske, domin bayan gasar Landan ta 1948 sai da aka ƙwace lambar zinariya daga hannun 'yan Suwidin, saboda an gano cewa ɗaya daga cikinsu, Gehnäll Persson, saja ne. Daga 1952 aka buɗe ƙofa ga farar hula da mata. Yau maza da mata fili ɗaya suke shiga, lamba ɗaya suke nema, abin da ba a cika samu ba a sauran wasanni.

FILI DA ALƘALAI

Filin na yashi ne, tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 20. An kewaye shi da haruffa 12 waɗanda ke nuna wa mahayi inda zai fara kowane motsi da inda zai ƙare shi. Ta wajen harafin A ake shiga, a miƙe sambal zuwa tsakiyar fili, a tsaya a yi gaisuwa. A gasar Olamfik alƙalai 7 ne ke zaune a wurare dabam-dabam a bakin fili, don abin da ya ɓuya wa na gaba kada ya ɓuya wa na gefe. Kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10, sa'an nan a tara a fitar da kashi cikin ɗari. A babban mataki, wanda ake kira Giran Firi, wanda ya sami kashi 70 ya yi abin a yaba masa, mai neman lamba kuwa sai ya haura 80.

Taku uku ake dubawa: tafiya, da sassarfa, da ƙaramar sukuwa. Daga cikinsu ake fitar da motsin da suka sa wasu ke kiran wasan rawar doki. Akwai fasaj, sassarfa ce mai nauyi wadda doki ke ɗaga ƙafa ya ɗan riƙe ta a sama kafin ya sauke. Wanda ya taɓa ganin ingarma na takama ranar hawan salla ba zai rasa gane kamanninta ba. Akwai fiyaf, ita ma sassarfar ce, sai dai a wuri ɗaya ake yin ta, taku 12 zuwa 15 ba tare da an ci gaba ba. Akwai firuwet, inda doki ke kewaya kansa cikin ƙaramar sukuwa, ƙafafun baya na nan kusan wuri guda, na gaba na zagayawa, cikin taku 6 zuwa 8.

Wanda ya fi nuna gwanintar mahayi, a ganinmu, shi ne canjin ƙafa. A ƙaramar sukuwa kullum akwai ƙafar gaba ɗaya da ke jagora, ko ta dama ko ta hagu, kuma a kowane taku akwai ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, da ƙafafu huɗu duka ke sama. A daidai wannan lokaci ake so doki ya sauya jagora. A jarrabawar Giran Firi sai an yi haka sau 15 a jere, kowane taku da canjinsa, bisa miƙaƙƙen layi. Mahayin da ya makara da alamarsa sau ɗaya, lissafin duka ya rushe.

INA AIKIN YAKE?

Abu uku mahayi ke magana da doki da su: zamansa, da ƙafafunsa, da hannuwansa. Murya ba ta ciki, wanda aka ji ya yi wa doki magana ko ya kaɗa harshe za a rage masa maki. Bulala ma ba a shiga fili da ita a manyan gasannin duniya.

Zama shi ne uba. Doki dabba ce da ke jin saukar ƙuda a fatarta, balle nauyin mutum. In mahayi ya ɗan ƙara nauyi a ɗuwawun dama, ko ya tsuke cikinsa, ko ya saki numfashi, horarren doki ya ji, kuma ya san abin da ake nufi. To, amma kafin wannan magana ta yi ma'ana, sai jikin mahayi ya daina surutun banza. Wanda ke tangaɗi bisa sirdi, ko yake riƙe linzami don kada ya faɗi, yana aika wa doki saƙo goma alhali ɗaya yake nufi. Zama shiru bisa dabba mai nauyin kilo 500 ko fiye tana sassarfa da ƙarfi, aiki ne na ƙugu da baya da cinya, kuma duk wanda ya gwada ya san gumin da ke cikinsa.

Shi ya sa a Makarantar Hawan Doki ta Sifen da ke birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, inda fararen dawakin nan na Lifiza ke wasa cikin zauren da aka gama ginawa tun 1735, sabon ɗalibi ba ya taɓa kamazuru da fari. Ɗora shi ake yi bisa tsohon horarren doki, ba likkafa, ba linzami a hannunsa, malami na tsaye a tsakiya riƙe da doguwar igiya, dokin na zagayawa. Ana iya shekaru ana haka kafin a ce zamansa ya yi.

Ƙafa ita ke neman ƙarfi daga ƙafafun baya na doki, hannu kuma ya karɓi ƙarfin nan ya daidaita shi. A gasar Olamfik linzami biyu ne a bakin doki, kamazuru huɗu a yatsun mahayi, amma jan da ake so bai wuce na mai matse soso ba. Mu nan mun san linzami mai ƙarfi da ke sa doki zamiya gaban sarki lokacin jafi, wannan kuwa gwaninta ce mai zaman kanta. Alƙalin diresaj dai, da ya ga doki ya wangale baki ko ya fizge kai, alƙalaminsa ƙasa zai yi.

Sa'an nan ga sanin lokaci. Ƙafar doki da ke dafe da ƙasa ɗauke da nauyi ba ta iya amsa umarni, sai wadda ke shirin tashi. Don haka dole mahayi ya san, ba tare da ya duba ba, wace ƙafa ce ke ina a kowane lokaci. Wannan ba a karanta shi a littafi, a sirdi ake samunsa.

Shi ma dokin ba a yi masa gaggawa. A halittarsa wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a gaba yake, horon kuwa so yake ya mai da nauyin baya, ƙugu ya sauka, kafaɗa ta yi sauƙi. Tsokar da za ta ɗauki wannan sai an gina ta sannu a hankali, shekara da shekaru. Dokar Hukumar Wasannin Dawaki ta Duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, ba ta yarda dokin da bai kai shekara 8 ba ya shiga Giran Firi.

Wanda ke zaton ƙarfin ƙafa ne sirrin, sai ya ji labarin Lis Hartel ta ƙasar Danmak. Cutar shan-inna ta kama ta a 1944 tana da shekara 23, ta bar ta ba ta iya motsa komai daga gwiwa zuwa ƙasa. Ɗaga ta ake yi a ɗora bisa sirdi. Duk da haka ta ci lambar azurfa a Helsinki a 1952 bisa goɗiyarta Jubilee, ta gaban hafsoshi masu lafiya, ta kuma maimaita a 1956. Henri Saint Cyr na Suwidin, wanda ya ci zinariya, shi ya taimaka mata ta hau dandamalin karɓar lamba. Tsufa ma ba ya korar mutum da wuri: Hiroshi Hoketsu na Japan ya hau a Landan a 2012 yana da shekara 71, Isabell Werth ta Jamus kuwa, wadda ta fara a 1992, ta tara lambobin Olamfik 14 zuwa 2024, 8 daga ciki na zinariya.

INDA GIZO KE SAƘA

Tun da aka shigo da wasa da kiɗa a gasar Atlanta ta 1996, inda mahayi ke tsara motsinsa da kansa bisa kiɗan da ya zaɓa, 'yan kallo suka ƙaru, kuɗi ya shigo, farashin dawaki ya yi sama. Inda kuɗi ya shiga kuwa haƙuri kan yi ƙaranci. Wasu masu horo suka ɗauki ɗabi'ar lanƙwasa wuyan doki har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, su riƙe shi haka tsawon lokaci don ya sallama. Surutu ya yi yawa har a 2010 hukumar FEI ta bayyana cewa duk wani lanƙwasa wuya da aka samu ta hanyar ƙarfi ba abin karɓa ba ne.

Abin da ya fi girgiza wasan shi ne na Charlotte Dujardin ta Ingila. Ita ce ta ci zinariya a 2012 da 2016 bisa dokinta Valegro, ita ce kuma ta sami kashi 94.3 a wasa da kiɗa a Landan a 2014. Ana saura kwanaki a fara gasar Faris ta 2024 sai ga wani hoton bidiyo ya fito, an gan ta tana tsula wa wani doki doguwar bulala a ƙafafu fiye da sau 20 lokacin da take koyar da wata ɗaliba. Ta janye daga gasar, ta nemi gafara, daga baya hukumar ta dakatar da ita shekara guda tare da tarar kuɗin Siwizalan faran 10,000. Mutane da yawa suka fara tambaya, in gwanar gwanaye ta yi haka, me ke faruwa a sauran bargogi da babu mai ɗaukar hoto? Tambayar tana da nauyi, domin wasan da ke sayar da kansa da sunan fahimtar juna tsakanin mutum da dabba ba shi da abin kare kansa in aka gano tsoro ne ke motsa ƙafar dokin. Mu a namu ra'ayin, alƙalai ma na da nasu kason laifi, muddin za su ba dokin da ke watsa ƙafafun gaba sama maki mai yawa alhali bayansa a sandare yake.

Akwai dai dokokin da ake aiki da su ba sani ba sabo. A gasar Faris ɗin, wadda aka yi a harabar fadar Versailles, an kaɗa wa Marcus Orlob na Amurka ƙararrawa aka fitar da shi ana tsakiyar wasa, don an hango ɗan jini a ƙafar baya ta goɗiyarsa.

Gasar Olamfik ta gaba a Los Angeles za a yi ta a 2028. Mai karatun da ya sami damar kallo a talabijin, ya ɗauke idonsa daga ƙafafun gaba, ya dubi bakin dokin, ko a rufe yake yana ɗan tauna linzami cikin natsuwa. Ya dubi hanci, ko yana ɗan gaba da goshi kamar yadda doka ta nema, ko an ja shi ya koma wajen ƙirji. Ya dubi wutsiya, ko tana lilo a sake ko tana bulala da fushi. Daga nan sai ya dubi hannun mahayin, ya ƙirga sau nawa ya ga ya motsa.