Haɗa Tmux da Vim Wajen Aiki a Kan Kwamfuta Ta Nesa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wata hanya ta tsare aikin malami ko ɗalibi daga salwanta. A birnin Katsina, kamar sauran garuruwanmu, mai bincike yakan shiga babbar kwamfuta da ke nesa ta hanyar SSH. Da zarar wuta ta ɗauke ko layin intanet ya yanke, sai shirin da ya ɗora ya tsaya, wahalar yini guda ta tafi a banza.

Asalin Kayan Aikin

Bill Joy ne ya ƙago manhajar gyaran rubutu mai suna vi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1976, sannan Bram Moolenaar ya fito da Vim a 1991. Ita kuwa tmux, Nicholas Marriott ya fara ta a 2007, bisa tafarkin Screen wadda ta bayyana tun 1987. Aikinta shi ne raba allo ɗaya zuwa tagogi da dama, da kuma riƙe zaman aiki ko da mai shi ya fita.

Yadda Ake Haɗa Su

Mukan buɗe tmux a kan kwamfutar nesa, mu danna Ctrl-b sannan alamar %, allo ya rabu biyu. A ɓangare ɗaya muna rubutu da Vim, a ɗayan kuma muna gwada abin da muka rubuta. In layi ya yanke, sai mu sake shiga mu rubuta tmux attach, mu tarar da komai yadda muka bar shi.

Sai dai akwai wurare biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, Ctrl-b a cikin Vim umurni ne na komawa shafin baya, amma tmux takan tare shi. Sai an danna sau biyu kafin ya isa ga Vim. Na biyu, tmux ba ta tsira idan kwamfutar da take kai ta mutu. A nan Vim ke ceto, domin takan ajiye kwafin wucin gadi wanda ake farfaɗowa da vim -r.

Kammalawa

Saboda haka muna ba da shawara ga sassan nazarin kwamfuta na manyan makarantun Katsina, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da su koyar da waɗannan manhajoji biyu tare tun a shekarar farko, kafin ɗalibi ya soma aikin bincikensa.