Yadda Ake Kula da Sanyin Firjin Jirgin Ruwa

Firjin ƙaramin jirgin ruwa da batir ya dogara, galibi mai ƙarfin bolt 12, saboda haka duk abin da ya tsawaita aikin kwamfaresa, wato injin da ke tura gas ɗin da ke sanyaya firjin, wutar jirgin yake ci. Ƙa'ida ita ce sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 0 da 5 a ma'aunin Salshiyas, in ba haka ba kifi da nama su lalace.

Mai daidaita wannan sanyi shi ne tamostat, wanda siririn bututunsa yake manne da farantin da ke yin ƙanƙara, kuma idan girgizar igiyar ruwa ta kwance bututun daga mazauninsa, sai kwamfaresa ta yi ta aiki babu hutu har abinci ya daskare. Masu jirage da yawa, da zarar sanyi ya ragu, sai su yanke cewa gas ne ya ƙare, alhali kuwa sau tari illar tana ga wayar da gishirin teku ya ci, ko robar ƙofa da ta saki, ko ƙurar da ta toshe kwandensa, wato sashen da ke fitar da zafin firjin. Wajibi ne a fara auna ƙarfin batir kafin a kira mai ɗura gas.