Kunnen Kawu

Kowace mai goyo ta san kukan jariri ba iri ɗaya ba ne. Baƙo kuka kawai yake ji. Ita kuwa tana bakin murhu tana tuƙin tuwo za ta ce wannan na yunwa ne, bari in kwashe tukuna. Wani kukan kuma ko muciya ba za ta tsaya jinginewa ba, don ta ji na ciwo ne. Irin wannan kunnen Allah ya ba kawuna, Allah ya jiƙansa, sai dai shi jariransa na ƙarfe ne.

A soja ya fara goyon. Ya sa kaki a 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke, aka tura shi cikin kanikawa masu kula da Land Rover da manyan motocin Bedford. Ya ce a bakin daga ba a haska fitila da dare, don haka idan mota ta mutu da hannu ake lalube, da kunne ake ganewa, kamar yadda uwa ke laluben goshin ɗanta cikin duhu ta san zazzaɓi ya sauka ko bai sauka ba. Iyakar abin da yake faɗa game da yaƙin ke nan. Duk 15 ga Janairu, ranar 'yan mazan jiya, wadda ta dace da ranar da yaƙin ya ƙare a 1970, yakan wuni ba shi da yawan magana, mu ma mukan rage hayaniya.

Da ya ajiye kaki sai Bompai, a wani kamfanin matsar man gyaɗa. Daga nan ya koma Sharaɗa, kuma har Challawa akan zo da mota a ɗauke shi idan janaretan wani kamfanin jima ya ƙi tashi. Ranar kuwa tun daga zaure za ka ji warin fata a rigarsa. Na sha kai masa abinci, na ga yadda yake yi. Ba ya fara ɗaukar sifana. Doguwar sukundireba yake ɗora wa inji a jiki, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya ce boris ne ya fara ci, ko kuwa fanbel ne ya saki, ba wani abu ba. Yaran da ke koyo a hannunsa sun fi shan faɗa idan suka kwance inji ba su saurare shi ba. A ganina ya fi su gaskiya: uwar da ke ɗura wa yaro magani duk sanda ya yi kuka, wata rana ita za ta ja masa cuta.

Mu ma a gida haka yake sauraronmu. Shekarar da aka koro ni makaranta saboda kuɗi, na yi niyyar ɓoyewa, na shigo da fara'ar dole. Bai ko ɗago daga wanke hannunsa da kananzir ba ya ce, “Ɗana, wannan sallamar taka ba ta da ƙarfi. Zo ka zauna.” Washegari agogonsa ba ya hannunsa, ni kuma ina aji.

Abin da ya fi tayar wa uwa hankali shi ne shirun jariri, kuka ai alamar rai ne. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, wutar NEPA ta ƙara taɓarɓarewa, kaya na waje suka cika kasuwa, sai kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na su Kawu ma ya rufe. Ya buɗe ɗan gareji, yana hawa keke zuwa Ƙofar Ruwa neman kayan Peugeot 504, ya ciyar da mu da shi. Amma idan hanya ta bi da mu Sharaɗa muka wuce ƙofar da aka garƙame, ciyawa ta rufe harabar, sai ya rage tafiya ya karkata kai, kamar mai jiran motsi daga ɗaki.

A jinyarsa ta ƙarshe, wani dare aka ɗauke wuta, maƙwabci ya tayar da janareta. Mun ɗauka barci yake. Sai ya buɗe ido ya yafito ni, na kai kunne bakinsa.

“Je ka gaya masa ya kashe, ya duba baƙin mai.”

Na je. Aka zaro ma'aunin, ya fito a bushe.