Gwanjon Intanet: Kafin Ka Taya Wandon Jins

Kalmar gwanjo tana da fuska biyu a bakin Bahaushe. Akwai gwanjon da ake ɗaga kaya a bainar jama'a, kowa ya taya, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Akwai kuma gwanjon tufafin da wani ya riga ya sa, waɗanda ake kwancewa daga dila a Babbar Kasuwar Sakkwato. A 'yan shekarun nan fuskokin biyu sun haɗu a cikin wayar hannu, inda nake ganin samarinmu, musamman ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, suna farautar wandon jins mai suna: Levi's, ko Diesel, ko Wrangler. Ba na cikin masu ganin laifinsu. Wando na ainihi yakan yi shekaru yana shan wanki, jabu kuwa daga Sallah zuwa Sallah ya zama tsumma. Damuwata ita ce kuɗin da ke salwanta, wanda sau da yawa kuɗin makaranta ne aka gutsura.

A kasuwa mutum yana da ido da hannu. Zai murza yadin, ya ja ɗinkin, ya ɗaga wandon a rana. A intanet hoto kawai gare shi, hoto kuwa ana iya satarsa daga shafin kamfani. Don haka abu na farko shi ne mai saye ya san kayan fiye da yadda mai sayarwa ke zato.

Mu ɗauki Levi's, tunda shi aka fi kwaikwaya. A 1873 Levi Strauss da wani tela, Jacob Davis, suka sami takardar mallakar fasahar ƙarfafa bakin aljihu da 'yan ƙusoshin tagulla a Amurka. Har yau ƙusoshin na ɗauke da haruffan kamfanin, a buge sarai. Jan ƙyallen nan da ke gefen aljihun baya na dama ya fara ne a 1936, kuma har zuwa wajen 1971 ana rubuta sunan da babban harafin E, daga baya aka koma ƙarami. Saboda haka idan wani ya tallata wando da babban E a matsayin tsohon kaya na tarihi, amma da farashin kwanon shinkafa biyu, to a yi hattara. Irin waɗannan tsofaffin ba wasa ba ne: a 2022 an sayar da wani Levi's na shekarun 1880 a wani gwanjo a jihar New Mexico kan sama da dala dubu 87. Samfurin 501 da maɓallai aka san shi a gaba, ba zif ba. A bayan maɓallin ƙugu akan sami lamba a buge, wadda galibi takan dace da wata lamba a farin ƙyallen wanki na ciki. Ka nemi mai sayarwa ya ɗauko maka hoton waɗannan wurare biyu, da ɗinkin ciki, tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar. Mai kayan gaskiya ba ya ƙyashin wannan.

Akwai kuma alamun da ke ruɗar mutane ba gaira ba dalili. Wani ya ga an rubuta Bangladesh ko Pakistan ko Masar, sai ya ce jabu ne, alhali kamfanin ya daɗe yana ɗinka yawancin kayansa a wajen Amurka. Haka nan akwai jan ƙyalle na ainihi da ba ya ɗauke da suna, sai alamar rajista kawai.

Bayan kaya sai mai kaya. A eBay, wadda aka kafa a 1995 kuma ita ce uwa a wannan harka, kowane mai sayarwa yana da tarihin abin da abokan cinikinsa suka faɗa a kansa. Kada ka tsaya ga yawan yabo. Karanta ƙorafe-ƙorafen, ka duba ko jins ya saba sayarwa ko kuwa jiya ya fara. Wanda ke da wando hamsin iri ɗaya, kowane awo akwai, duk sababbi, a rabin farashin kanti, ya riga ya faɗa maka komai. Sannan akwai tsohuwar dabarar nan ta sa aboki ya riƙa ƙara tayi don farashi ya hau, abin da malaman fiƙihu suka kira najashu, suka kuma hana tun kafin a san wani abu wai shi intanet. Maganinta ɗaya ne: ka yanke iyakarka tun farko, idan an wuce ta ka janye hannu. Zafin "sai na ci" ya fi ɗan damfara cinye aljihu.

Sai dai mu faɗi gaskiya, yawancin cinikin da ake yi daga Sakkwato ba a eBay yake ba. A Jiji yake, da Instagram, da zaurukan WhatsApp inda ake ɗora hoto a ce wanda ya fara biya ya ɗauka. A nan babu wani alƙali tsakaninka da mai kaya. A eBay, muddin a cikin shafin ka biya, kana da damar neman a mayar maka da kuɗinka idan abin da ya zo ba shi aka kwatanta ba. Da zarar an lallaɓe ka ka tura kuɗi ta bayan fage, wannan kariya ta faɗi. A cinikin cikin gida kuwa, ban yarda da biya kafin gani ba. Idan kayan na Legas ne ko Kano, a samu amintacce a can ya duba, ko a yi sharaɗin biya bayan an karɓa a tasha. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar ƙorafi, amma kamo mai lambar wayar da aka riga aka jefar ba ƙaramin aiki ba ne.

Wani abin da masu tayi daga ƙetare ke mantawa shi ne kwastan. Tufafin da aka riga aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da dokar Nijeriya ta haramta shigowa da su, ko da yake kowa ya san yadda diloli ke tsallako iyaka su cika kasuwanninmu. Wando sabo ya kuɓuta daga wannan, amma a haɗa kuɗin jigila da canjin dala kafin a yi murnar araha, domin wani lokaci kuɗin ɗauko shi ya fi kuɗinsa.

Awo ma ba a dogara da lambar da ke jikin fatar ƙugu, don tsohon jins yakan tsuke da wanki. Ka kai wandon da ya zauna maka daidai wurin tela, ya auna ƙugu da cinya da tsawon ƙafa da inci, ka kwatanta da awon mai sayarwa. Ka tambayi nauyin yadin kuma: mai oza 14 ko fiye ya fi dacewa da ƙasashen sanyi, kuma duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato zai gwammace mai oza 10 zuwa 12.